Dogon Benen Titin Zariya: Daga Bankin Arewa Zuwa Jami'a

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirin nan saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da waɗanda suka fi jin daɗin karantawa.

Yau ba za mu yi nisa ba, muna nan gida Kano. Zancen wani gini za mu yi, wanda na tabbata da yawanku kun wuce ta gabansa ya fi a ƙirga.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Kwanakin baya ni da ƙanina muka hau adaidaita sahu daga Tarauni za mu shiga gari. Ya gama sakandare, yana jiran sakamakon JAMB. Mun wuce Gyadi-Gyadi, muna tunkarar gadar Dangi, sai cunkoso ya tsayar da mu. Na nuna masa dogon benen nan na farkon titin Zariya, na ce, "Ka san ginin can?"

Ya ce, "Haba Yaya, Skyline mana."

Na ce, "To kafin Skyline fa?"

Ya kalle ni ya ce, "Kafin nan kuma? Ai ni a haka na san shi."

Mai adaidaitan dattijo ne, gemunsa duk furfura. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, Bankin Arewa ke nan. A nan ake ajiye kuɗin Arewa da can."

Na ce, "Baba, ka riga ni."

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Yaron nan a unguwar aka haife shi, a ƙafa ma zai iya zuwa wurin, amma bai taɓa jin sunan ba. Kuma ba laifinsa ba ne, babu wanda ya taɓa gaya masa. Shi ya sa na ce yau sai mun warware labarin daga tushe.

Sunan ginin na asali Ahmadu Bello House, wato Gidan Ahmadu Bello, lamba 2 a titin Zariya. Shi ne hedikwatar Bank of the North, wanda iyayenmu ke kira Bankin Arewa. Don mu gane dalilin da ya sa banki ya gina irin wannan bene a Kano, sai mun ɗan koma baya.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, garin ya zama cibiyar cinikin gyaɗa. Kuɗi na yawo sosai, amma bankunan da ke riƙe da harkar na Turawa ne: Bank of British West Africa, wanda yau muke kira First Bank, da Barclays, wanda ya koma Union Bank. Manyan abokan hulɗarsu kamfanonin Turawa ne masu sayen gyaɗa da fata da auduga. Ana ba da labarin Alhassan Ɗantata ya taɓa kai wa bankin Turawa ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma, saboda yawansu. To amma Ɗantata nawa ne a Kano? Ƙaramin ɗan kasuwa na Kurmi ko na Sabon Gari, in ya je neman rance, da wuya a saurare shi. Ga kuma tsoron riba, wanda ya sa mutane da dama suka gwammace su binne kuɗinsu a tukunya ko su sayi shanu.

Da 'yancin kai ya matso, kowane yanki ya gane cewa wanda ba shi da bankin kansa, a hannun wani zai ci gaba da roƙo. Gabas suna da African Continental Bank na Dakta Azikiwe. Yamma suna da National Bank. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ita ma ta tashi tsaye. Aka yi wa Bank of the North rajista a 1959, ya fara aiki a 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yanci. Kuma ku lura, a Kaduna gwamnati take, amma a Kano aka ajiye hedikwatar bankin, domin nan ne kasuwa take.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: ba gwamnatin Arewa ita kaɗai ta kafa shi ba. Haɗin gwiwa aka yi da wani babban banki na ƙasar Lebanon mai suna Intra Bank, wanda wani Bafalasɗine, Yusuf Baidas, ya kafa a Beirut a 1951. Wannan ba abin mamaki ba ne in ka san Kano. Kwarori sun daɗe a garin nan, har titi gare mu mai suna Beirut Road.

Sai shekarar 1966 ta zo wa bankin da duka biyu. Ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna a juyin mulki. A watan Oktoba kuma Intra Bank ya durƙushe a can Beirut, mutane suka yi ta rububin cire kuɗinsu har ya rufe ƙofa. Cikin shekara guda banki ya rasa wanda ya yi mafarkinsa, ya kuma rasa abokin tarayyarsa. Amma bai mutu ba. Bangaren gwamnati ya riƙe shi, da aka ƙirƙiro jihohi a 1967 kuma ya zama kadarar haɗin gwiwa ta jihohin Arewa. A lokacin su shida ne, daga baya suka yi ta ƙaruwa har suka kai 19 a 1996.

Da farko a Lagos Street hedikwatar take, can cikin tsohuwar unguwar kasuwancin Turawa, kusa da Bank Road. Da banki ya bunƙasa, rassa suka bazu a garuruwan Arewa, sai ya fito titin Zariya ya kafa wannan dogon bene. Zaɓen wurin ma akwai hikima. Titin Zariya shi ne ƙofar shigowa Kano daga Kaduna da Abuja da duk kudancin ƙasar nan. Duk baƙon da ya shigo ta Na'ibawa da Unguwa Uku, ya wuce Asibitin Malam Aminu Kano, sai ya yi ido biyu da shi. A zamanin, banki da gini yake nuna ƙarfinsa. Mai ajiya ba ya ganin lissafin da ke cikin littattafai, bene yake gani, sai hankalinsa ya kwanta.

Mahaifina malamin makaranta ne, ta wannan banki ake biyan su albashi. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, muna gyara akwatin takardunsa sai na ga wani ɗan littafi da ya ƙoɗe. Na tambayi Umma, ta ce, "Fasbuk ɗin Malam ne." Ƙannena suka kwashe da dariya, sun zaci Facebook take nufi. Littafin ajiya ne. Duk kuɗin da ka zuba ko ka cire, kashiya zai rubuta da biro ya buga hatimi. Babu ATM, babu alat, babu tiransifa. In wata ya ƙare, sai ka yi sammako ka bi layi, a ba ka lamba, ka zauna a benci har a kira ka. Wannan ne ya sa bankunan da suke buƙatar ƙaton zaure da ma'aikata ɗaruruwa da ɗakunan ajiye fayil hawa-hawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To me ya kayar da bankin?

Cutar da ta kama yawancin bankunan gwamnati a Najeriya ita ce ta kama shi: bashin da ba a biya. Banki da kuɗin masu ajiya yake ba da rance. In rancen ya dawo da riba, harka ta tafi. In bai dawo ba, rami ya buɗe, kuma ranar da masu ajiya suka zo neman kuɗinsu dole a nemo a wani wuri. A bankin da gwamnatoci da yawa suka mallaka, matsalar takan ninka, domin kowa na ganin yana da haƙƙi a ciki, amma ba kowa ke jin nauyin gyara a kansa ba. Hausawa sun ce kayan gwamnati ba na kowa ba ne. A farkon shekarun 2000 Bankin Arewa ya riga ya galabaita, har shi kansa Babban Bankin Najeriya na bin sa bashi mai nauyi.

Ana cikin haka, a watan Yulin 2004, gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya fito da sabuwar doka. Kowane banki sai ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, kuma wa'adi 31 ga Disambar 2005. Wanda ba zai iya shi kaɗai ba, ya nemi abokan haɗewa, ko ya rasa lasisi. Bankuna 89 ne a ƙasar a lokacin. Da ƙura ta lafa, 25 suka rage.

Bankin Arewa bai iya tsayawa da ƙafarsa ba. Ya haɗe da wasu bankuna takwas, su tara suka zama Unity Bank, wanda ya fara aiki a Janairun 2006. Masu ajiya ba su yi asarar asusunsu ba, an mayar da su sabon bankin. Amma suna ya ɓace, hedikwata kuma ta bar Kano. Ta koma Abuja, daga baya ta wuce Legas. A 2024 ma Babban Banki ya amince Unity ya haɗe da Providus. Kun ga tafiya ta ƙara nisa da titin Zariya.

Yanzu ga tambayar da ta fi ba ni sha'awa. In banki ya tashi ya bar bene irin wannan, me ake yi da shi?

Wani zai ce a samo wani bankin ya shiga. To ai a nan fasbuk ɗin Malam ya dawo. Aikin da ya buƙaci wancan ƙaton gini, yau waya ke yin sa. Tsakanin Gyadi-Gyadi da kasuwar Tarauni, ƙirga masu POS nawa za ka wuce a ƙarƙashin lema. Yaro a Farm Centre zai sayar da waya, kuɗi su shigo masa ta Opay ko Moniepoint, bai taka ƙofar banki ba. Reshen banki na yau ɗan madaidaicin gini ya ishe shi. Don haka benen ya yi wa aikin banki yawa, kamar babbar rigar uba a jikin ɗa.

Hanyoyi uku ne ke gaban irin wannan gini. Ko a bar shi a kulle, ko a rushe, ko a sauya masa aiki.

Barin shi a kulle shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi haɗari. Gini kamar mota yake, ajiya ta fi amfani kashe shi. Rufi zai fara yoyo ba mai gani. Ruwa ya ratsa kankare ya isa rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya tsage. Famfuna su bushe, wayoyin wuta su bi dare, jemagu da tantabaru su tare. Bayan shekara goma, kuɗin gyara sai ya kusa kamo kuɗin sabon gini.

Rushewa kuma asara ce biyu. An zubar da siminti da rodin da aka riga aka biya, sannan a sake sayen wasu a farashin yau, wanda kowa ya san yadda buhun siminti ya koma. Masana muhalli ma suna cewa sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Mu da muke fama da zafin Afrilu a Kano, wannan ba zancen Turawa ba ne kawai.

Hanya ta uku ita ce ta samu benen titin Zariya. A 2018 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ba Skyline University Nigeria lasisi, ta zama jami'a mai zaman kanta ta farko a jihar Kano. Tushenta daga Sharjah ne a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Kamal Puri ya kafa kwalejin Skyline a 1990. A cikin wannan bene ta buɗe. Ikon Allah, ginin bankin da aka faro da haɗin gwiwar mutanen Beirut, ga shi ya samu sabuwar rayuwa ta hannun mutanen Sharjah.

Me ya sa makaranta ta dace da ginin banki? Irin waɗannan dogayen benaye, ginshiƙai da dakalin kankare ne ke ɗauke da nauyinsu, yawancin bangon ciki raba ɗaki kawai yake yi. Don haka ana iya cire bango a haɗe ofis uku su zama aji guda, ginin bai ji komai ba. Ga tagogi ta ko'ina, haske na shiga. Ga shi a bakin babban titi, ɗalibi daga Hotoro ko Sharaɗa ko Ƙofar Nasarawa mota ɗaya ko biyu ta kawo shi.

Amma kada ku ɗauka abin fenti ne kawai da sauya allon suna. Duk wanda zai mayar da ofis makaranta, akwai lissafin da zai yi. Ma'aikacin banki in ya hau ofishinsa da safe, sai la'asar zai sauko. Ɗalibai kuwa kowace awa ɗaya ko biyu sai sun sauya aji, kuma a tare suke fitowa. Ke nan lifta da matattakala za su sha aikin da ba don shi aka tsara su ba. Lifta kuma ba ta san an ɗauke wuta ba, dole janareta ko sola su tsaya tsayin daka. Ruwa sai an tura shi sama da inji kafin ya sauko banɗakuna, kuma banɗakin da ya ishi mutum ashirin a hawa guda ba zai ishi ɗari ba. Uwa uba hanyar tsira in gobara ta tashi. Laburare ma sai an duba inda za a sa shi, domin littattafai nauyi gare su fiye da yadda ake zato. Sannan bene ba shi da filin ƙwallo, ba shi da inuwar darbejiya irin ta tsohuwar BUK. Kowane sauyi da abin da ake samu da abin da ake rasawa.

Ba shi kaɗai ba ne a Kano. Ku dubi Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nasarawa. Ya shekara da shekaru a tsaye ba a kammala ba. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka ƙarasa shi da niyyar ya zama cibiyar fasahar sadarwa, sai a 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta buɗe Jami'ar Northwest a cikinsa. Ke nan biyu daga cikin benayen da suka fi fice a Kano, don kasuwanci aka gina su, ɗalibai suka raya su. Ku kwatanta da Otal ɗin Daula, wanda ya bi ta hannu daban-daban, aka sauya masa fasali, har a Yunin 2023 aka rushe gine-ginen da aka yi a filinsa. Ko Ado Bayero Mall na titin Zoo, da aka buɗe a 2014, Shoprite ta tattara ta fice a Janairun 2024. Babu ginin kasuwancin da ke da tabbacin mai shi na farko zai dawwama a ciki.

A wasu wurare ma haka ake yi. A Landan akwai tsohuwar tashar wutar lantarki a bakin kogin Thames da ta daina aiki a 1981, aka mayar da ita gidan adana zane-zane mai suna Tate Modern a 2000, yau miliyoyin mutane ke ziyarta. Amma misalin da ya fi taɓa ni na gida ne. Cocoa House a Ibadan, bene mai hawa 26, da kuɗin koko gwamnatin Yamma ta gina shi, aka buɗe a 1965. Gobara ta cinye shi a 1985, suka gyara. Har gobe yana hannun kamfanin Odu'a, wanda jihohin Yarbawa suka mallaka tare, kuma har gobe sunansa Cocoa House. Yaron Ibadan in ka tambaye shi, zai gaya maka kuɗin koko ne.

To a nan ne nake so mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Ni dai ina murna da benen titin Zariya yana raye. Fitila na ci, lifta na hawa, matasa na shiga da jakunkuna. Ya fi a ce kango ne da ake nuna wa yara ana cewa akwai aljanu. Amma tsirar gini daban, tsirar abin da aka gina shi dominsa daban. An kafa Bankin Arewa ne don ɗan kasuwar Kwari da manomin Ɗambatta su samu inda za a yanke hukuncin rancensu a kusa da su, a hannun wanda ya san harkarsu. Wannan buƙatar tana nan ba ta gushe ba. Yau Kano, da duk kasuwanninta, yawancin bankunan da take hulɗa da su a Legas hedikwatarsu take. Jaiz da ya fara a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019 sun buɗe ƙofa ga masu gudun riba, amma su ma a Abuja suke zaune.

Akwai kuma zancen wanda zai iya shiga. Banki na kowa ne, mai naira goma ma zai bi layi. Jami'a mai zaman kanta kuwa sai mai halin biya, haka tsarinta yake a ko'ina. Ƙanina da nake ba ku labari, BUK ya cike, domin ita ce daidai aljihunmu.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Duk ginin tarihi da aka sauya wa aiki a Kano, a manna ɗan allo a ƙofarsa, da Hausa da Turanci: wane ne ya gina, don me, me ya zama daga baya. Bai kai kuɗin buhun siminti goma ba. Mu kuma matasa, wayoyin nan da ke hannunmu su yi aiki. Ka zauna da Baba ko Kawu ko Gwaggo da ta yi aiki a irin waɗannan wurare, ka naɗi muryarsu tun suna raye. Ka ɗauki hoton tsofaffin takardun gida kafin gara ta riga ka. Ni fasbuk ɗin Malam na sa shi a leda na adana.

Da muka sauka a adaidaitan ranar, ƙanina ya sake waiwayar benen ya ce, "Yaya, to in jami'ar ma wata rana ta koma wani wuri fa?"

Na ce, "Sai a nemo masa wani aikin. Ku ne za ku yi wannan shawarar lokacin."

A nan za mu dakata. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka yi aiki a Bankin Arewa, ko yake da tsohon hoton ginin, ya ajiye mana a ƙasa, za mu karanto a shiri na gaba. Ku kuma gaya mana, a unguwarku wane gini ne ya sauya aiki, kuma me yake da can?

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci Kano da mutanenta. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.